Yadda Falmata Mai Banda Ta Dawo da Mijinta Gida

A Baturiya aka haifi Falmata, amma kakanninta daga bakin Tafkin Cadi suka taso. Kogi suka biyo suna su suna yada zango, har ruwan Haɗeja ya yi musu daɗi suka zauna. Shi ya sa a gidansu Barbarci ake yi, sai an fita waje a koma Hausa. Tun ba ta kai tsawon murhun banda ba ta san yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, ta san itacen da ke ba kifi ƙamshi da wanda ke sa shi ɗaci. Da ta yi aure ba ta bar sana'ar ba. Mijinta Ari masunci ne, shi ya kamo ita ta yi banda, ranar kasuwa ta shiga mota da kwalayenta zuwa Haɗeja.

Ari mutum ne mai kyauta da son raha, sai dai yana da saurin fushi, kuma ba ya son a ce masa kada ya yi. Falmata takan ce zama da shi kamar zama da murhu ne, da ɗumi da hayaƙi.

Shekarar 1984 ruwa ya ƙi. Dama tun da aka gina madatsun ruwa can sama ambaliyar da ke cika fadama ta fara ja da baya, to a wannan shekarar ko leƙowa ba ta yi ba. Tafkunan da ake shiga da gora suka koma fako, tsuntsayen da ke zuwa da sanyi suka zo suka zagaya suka wuce. Mazan Baturiya da yawa suka naɗe tarunsu suka nufi Baga, daga can suka bi ruwan Tafkin Cadi duk inda ya janye, har tsibiran da ba kowa ya san ko na Nijeriya ne ko na Cadi ba. Ari yana cikinsu. Yakan aiko da kifi, kuma duk ƙaramar sallah a gida yake yin ta.

A 1990 ya zo sallah kamar yadda ya saba, ya yi 'yan makonni ya koma. Daga nan shiru. Kifi ya daina zuwa, saƙo ya daina zuwa. Abokan sana'arsa da suka dawo suka ce rabonsu da shi tun da ya ce zai ƙetara wani tsibiri ya sayo injin kwale-kwale. Wasu suka ce guguwa ce ta kife da shi, wasu suka ce 'yan bindiga ne, don lokacin ƙasar Cadi ba ta zaune lafiya. Da aka kwana biyu dangi suka fara yi wa Falmata maganar ta je wurin alƙali a raba auren, tun da ba gawa ba labari. Ba ta yi musu da kowa ba, ba ta kuma je ba. Ta koma sayen ɗanyen kifi a hannun wasu, ta ci gaba da banda, tana ciyar da 'ya'yanta.

Shekara biyu da wani abu ana haka. Wata ranar kasuwa tana zaune a rumfarta a layin 'yan kifi, sai ga wani ramammen mutum yana bi rumfa rumfa yana tambaya. Aka nuna masa ita.

"Salamu alaikum. Ke ce Ya Falmata, matar Ari na Baturiya?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Sunana Baƙo, mutumin Birniwa ne ni, fataucin kanwa nake yi. Mijinki ne ya ce in Allah ya fid da ni kada in wuce gida sai na zo nan. Yana nan da ransa."

Falmata ta dafa kwalin da ke gabanta. Ta ce, "Malam, da idonka ka gan shi, ko ji ka yi?"

"Tabarma ɗaya muka riƙa kwana a kai, ni da shi, a gidan yari."

Sai ta ce alhamdu lillahi, ta sake faɗa, ta kuma sake faɗa, har matan rumfunan da ke kusa suka taso. Aka kawo wa Baƙo ruwa da fura, ya zauna ya ba da labari. A wani gari ne da ke gaɓar tafkin, ɓangaren Cadi. Ari ya sayi injin a kasuwar tsibiri, ashe na wani jirgi ne da 'yan fashi suka tare suka kashe mai shi. Jandarmomi, wato 'yan sandan can, suka ga injin a hannunsa suka kama shi. Wanda ya sayar masa ya ɓace. Tun daga ranar yana tsare. An taɓa kai shi gaban wani babba, aka yi ta magana da Faransanci a kansa, bai gane ko kalma ba, aka mayar da shi. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sake shi ba.

Falmata takan ce a ranar ta yi barcin da ta manta irinsa. Wai da ta san yana numfashi, sauran duk sai ta ga mai sauƙi ne.

Ba mai sauƙin ba ne. Ta je wurin Bulama, mai garinsu, ya tausaya mata, ya ce ikonsa bai wuce Baturiya ba. Ta je wurin 'yan sanda, suka ce mata gaskiya abin da ya faru a wata ƙasa ba huruminsu ba ne. Wani ya ce ta tafi can da kanta, amma in ta je wa za ta gani, da wane baki za ta yi magana?

A cikin masu sayen kifinta akwai Dibora, matar Malam Luka, malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna da aiki ya kawo Haɗeja tun da daɗewa har ya yi ritaya bai koma ba. Shekaru da yawa Dibora ba ta sayen banda sai a wurin Falmata, cinikin har ya zama zumunci, ana kai wa juna abincin sallah da na Kirsimeti. Da ta ji labarin sai ta ce, "Ya Falmata, ki bari Rifkatu ta zo hutu. Ban ce za ta iya ba, amma ai ta ji."

Rifkatu 'yarsu ce, a Haɗeja ta tashi, ta yi karatun lauya, tana aiki a Kano da wata ƙungiyar lauyoyi da ke tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Da ta zo Kirsimeti, Falmata ta same ta a tsakar gidansu ana gyaran shinkafa. Rifkatu ta wanke hannu ta zauna ta saurara har ƙarshe.

"Ya Falmata, ba zan ruɗe ki ba," in ji ta. "Ni ba ni da ikon tsayawa a kotun Cadi. Dokarsu daban, harshensu daban."

"To shi ke nan, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"Tsaya, ban gama ba. Akwai wanda zai iya."

Ta ba ta labarin wani taro da ta je a Yamai, inda lauyoyi irinta daga ƙasashe maƙwabta suka haɗu. Kowa ya kawo kuka iri ɗaya: a kowane gidan yari akwai baƙi da suka ƙetaro iyaka neman abinci, masunta da makiyaya da fatake, aka kama su, ba su jin harshen kotu, danginsu ba su san inda suke ba. Sai suka yi alkawari a tsakaninsu, kowa ya riƙa duba mutanen ɗan'uwansa da ke tsare a ƙasarsa, ya nema musu tafinta, ya tsaya musu kamar 'yan gida. A nan ta san wani lauya ɗan Cadi mai suna Bunu. Ita kanta ba ta daɗe da tsaya wa wasu masu kiwon raƙuma 'yan ƙasarsa da aka tsare a nan ba, har aka sallame su.

"Yanzu ni ma zan roƙe shi ya duba mana namu," in ji Rifkatu.

Falmata ta ce, "Mutumin da bai san mu ba, bai taɓa shan ruwan gidanmu ba, zai bar aikinsa ya je gidan yari saboda masunci?"

"Aikin nasa ke nan. Ni ma ai ban san masu raƙuman nan ba."

Saƙo a wancan zamanin tafiyar hawainiya yake yi. Sai da damina ta faɗi Rifkatu ta aiko cewa Lauya Bunu ya je ya ga Ari, kuma a karon farko an gaya wa Ari da harshen da yake ji abin da ake tuhumarsa da shi: fashi da kisan kai. Bunu ya binciko ranar da aka tare jirgin, washegarin ƙaramar sallah ce ta 1990. Da ya faɗa wa Ari, sai Ari ya miƙe tsaye ya ce ai a ranar yana Baturiya, kuma duk garin sun san yana nan, don a gaban Bulama ya wuni ana shari'arsa da Sarkin Ruwa.

Falmata da ta ji sai ta riƙe haɓa. Ta tuna sarai, don abin ya ba ta kunya a lokacin. Akwai wani tafki da Sarkin Ruwa Auta ya hana shiga sai ranar da za a buɗe shi kowa ya yi su tare. Ari ya zo sallah, ya ga kifi yana wasa a ciki, ya kasa haƙuri ya jefa tarunsa na birgi. Auta ya kama shi ya ƙwace birgin. Aka yi cacar baki a filin idi, Ari ya gaya wa dattijon maganar da ba ta dace ba a gaban jama'a, washegari aka taru a ƙofar Bulama tun hantsi har la'asar kafin a kashe wutar.

Matsalar ita ce shaidun suna Baturiya, kotun tana Cadi. Bulama ya tsufa, liman ba ya gani sosai, ba mai iya wannan doguwar tafiyar a cikinsu. Sai Bunu ya roƙi alƙalin can ya nemi wani alƙali a Haɗeja ya saurari shaidun a madadinsa, a aika masa da abin da suka faɗa. Ashe akwai hanyar yin haka tsakanin ƙasashe, sai dai ba a saba bin ta saboda talaka ba. Buƙatar ta bi ta ma'aikatun shari'a da ofisoshin jakadanci, Bunu yana tura ta daga can, Rifkatu tana janyo ta daga nan. Fiye da shekara aka yi. Duk lokacin da Rifkatu ta zo Haɗeja sai ta biya ta rumfar Falmata ta gaya mata inda maganar ta kai, ko da ba ta motsa ba.

Sauran aiki na Falmata ne: Sarkin Ruwa. Tun ranar rigimar bai ƙara amsa gaisuwar kowa daga gidan Ari ba. Ta same shi a bakin ruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ni zan je in fid da wanda ya zage ni a filin idi?" in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Baba, ban ce ka yafe masa ba. Abin da ya yi maka nake so ka je ka faɗa."

Ya ɗago ya dube ta. "In faɗa duka?"

"Duka. Kada ka rage komai."

"To wannan zan iya."

A farkon 1995 aka sa ranar. Lauya Bunu ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, ya biyo ta Maiduguri ya iso Haɗeja. Dogo ne baƙi, da farar riga da jaka a hannu. Falmata ta yi zaton za ta ga mutum mai Faransanci a baki, sai ya gaishe ta da harshen mutanen Kanem, wanda ɗan'uwan Barbarci ne, irin maganar da ta riƙa ji a bakin kakarta. Suka gane juna, ko da yake sai an maimaita. A zauren Malam Luka, Bunu ya fito da kaset ya sa a rediyo, ya ce hukumar gidan yarin ta yarda ya ɗauko mata.

Muryar Ari ce, ta ɗan dushe, amma ita ce. Ya gaishe ta, ya ambaci 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya ce yana cin abinci, tari ne kawai ke damunsa. Sannan ya ce ta gaya wa Baba Auta ya yi masa gafara, bakinsa ne ya fi ƙarfinsa. Falmata ta rufe fuska da mayafi. Dibora ce ta zauna kusa da ita har kaset ɗin ya ƙare.

Washegari mota guda aka cika daga Baturiya. Ɗakin kotun bai ɗauke su ba, wasu ta taga suka riƙa leƙe. Alƙalin ya yi bayani cewa ba shi zai yanke hukunci ba, shi dai kunne ne na ɗan'uwansa alƙali da ke Cadi, don haka kowa ya faɗi abin da ya gani kawai. Bulama ya yi alwala ya rantse ya faɗi nasa. Liman ya ce shi ya raba su a filin idi. Falmata ta faɗi ranar da mijinta ya zo da ranar da ya koma. Sai aka kira Auta.

Rifkatu ta tambaye shi, "Baba, ka san Ari?"

"Da ban san shi ba da ya fi mini."

Aka yi dariya, alƙali ya buga tebur.

"Ina yake washegarin ƙaramar sallah ta shekarar da ake magana?"

"Yana ƙofar Bulama, yana zaune nan ina zaune nan, yana ce mini wai kifi ba na ubana ba ne. Ranka ya daɗe, a rubuta wannan. Mutumin nan ba shi da ladabi, ya karya dokar ruwa, ya ci mutuncina. Amma in an ce ya kashe mutum a Cadi a ranar, to sai dai in shi biyu ne. Ni ya wuni yana zagi."

Shi kansa alƙalin sai da ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Bunu da aka fassara masa ya ce bai taɓa samun shaida mai kyau irin wannan ba, don ba wanda zai ce son Ari ne ya sa dattijon magana.

Aka juya bayanan zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Faransanci, suka koma ta hanyar da suka zo. Wannan karon ba a daɗe sosai ba. Kafin kaka alƙalin can ya zauna, da tafinta a gefen Ari, ya saurari komai, ya ce ba laifin fashi ko kisa a kansa, ya sallame shi. Bunu da kansa ya raka shi har iyaka ya sa shi a motar Maiduguri.

Ba wanda ya san ranar da zai iso. Falmata tana tsakar gida a Baturiya tana jera karfasa a kan waya, hayaƙi ya cika mata ido, sai ta ji sallama a ƙofa. Ta amsa ba ta juyo ba, ta ce a shigo. Da ta ji shiru ta waiwaya, sai ga Ari. Ya rame, gemunsa ya yi fari, yana riƙe da 'yar leda.

"Malam," in ji ta. Sai ta ƙara da cewa, "Ka ci abinci kuwa?"

"Tun Gashuwa ban ci komai ba."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta ɗauko kifi mai zafi daga kan murhu. Sai da ta ga ya kai loma bakinsa sannan ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Kafin ya gama ci gidan ya cika har waje.

Ari bai koma tafkin ba. An yi masa maganin tarin a asibiti ya warke, ya karɓi wata gona a fadama yana noma shinkafa da damina, alkama da rani. Wata da watanni ba ya iya kwana a ɗaki in an rufe ƙofa, sai Falmata ta sa aka kafa masa rumfa a tsakar gida, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Fushin nan nasa ya ragu da yawa, ko da yake bai tafi duka ba.

Ita kuwa wani aiki ya same ta wanda ba ta nema ba. Labari ya bi kogi, har ya zama duk matar da aka tsare mata miji ko ɗa, daga Kirikasamma ko Guri ko Birniwa, sai a ce ta je layin 'yan kifi ta nemi Ya Falmata. Ba ta san doka ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Takan ba mutum wurin zama da ruwan sha, ta saurara, sannan ta gaya masa ranar da lauyoyin ƙungiyar su Rifkatu ke zuwa gari, in ta kama ta rufe rumfa ta raka shi.

A 1998 aka kawo mata wata mata mai suna Gumsu, daga wajen Difa a Nijar, an kama ɗanta a nan kan rikicin shanu da gona. Ba ta jin Hausa sosai, ta kwana biyu a tasha ba ta san inda za ta nufa ba. Falmata ta yi mata magana da Barbarci, matar ta kama hannunta ta ƙi saki. A gidanta ta sauke ta har aka gama shari'ar. Yaron ya samu lauya da tafinta, aka ci shi tarar ɓarnar da shanunsa suka yi, aka wanke shi daga zargin sara da aka ɗora masa. Ranar da za su tafi Falmata ta raka su tasha da ƙullin banda. Gumsu ta shiga mota, ta leƙo ta taga ta ce in Allah ya kai ta gida za ta aiko mata da barkonon Difa. Bayan wata biyu kuwa sai ga buhu guda, direba yana bi rumfa rumfa yana cigiya. Falmata ta ɗebi na miya, ta aika wa Dibora nata, sauran ta raba wa matan layin.